Rigar Inna Ta Fara Matse Ni

Shafi na 14

Masu ƙorafi, na ga saƙonninku. Har da wadda ta rubuto wai ko rigar ce ta shaƙe ni na kasa rubutu. Ba ki yi nisa da gaskiya ba, 'yar'uwa. Gyara zama.

Ku kuma da kuka shigo yau, ga inda muke. Innata ta yi shekara ashirin da biyu tana sharar makarantar da nake koyar da lissafi a cikinta yanzu. Da ta rasu na kwashe zannuwan da take ɗaurawa wurin aiki, guda tara, na kai wa tela ya yanyanka ya haɗa min doguwar kwat har ƙasan gwiwa, mai kwala irin ta maza da manyan aljihu biyu. Ja a nan, kore a can, wani wurin ma ya koɗe har ba ka ce ga launinsa ba. Duk Litinin nake sa ta. Abin da ban ji ba a kanta kaɗan ne.

Ranar Litinin ɗin nan kuma aka tsayar za a kira ni kan dandamalin asambuli a gabatar da ni a matsayin mataimakiyar shugaba. Inna ba ta taɓa hawa dandamalin nan ba sai da tsintsiya a hannu. Na yi wa kaina alkawari da rigarta zan hau.

To sai ga rigar ta fara matse ni.

Makon farko a kafaɗa na ji. Na ce ko wanki ne. Mako na biyu maɓalli na uku ya ƙi shiga sai da na riƙe numfashi. Na daina cin abincin dare, na daina sa sukari a shayi, ni da ban taɓa wasa da cikina ba. Ranar Lahadi da safe, ana gobe taron, na ɗauko ta daga sif don in gwada, wallahi ko haɗuwa gabanta bai yi ba.

Na tsaya gaban madubi ina tsine wa ƙiba. Sai idona ya sauka kan siket ɗin da ke jikina. Da fil na kama shi don kada ya zame.

Na tsaya cak.

Ni malamar lissafi ce, jama'a. Mutum ba ya ramewa a siket ya yi ƙiba a riga. Na fita kantin magani na bakin layi na hau sikeli. Kilo biyu na rage.

Ashe ba ni nake ƙaruwa ba, rigar ce take raguwa. Kuma riga ba ta rage kanta.

Na cusa ta a leda na nufi shagon Baba Tela, don shi na fara zargi. Tun ranar da na kai masa zannuwan sai da ya tambaye ni sau uku ko na tabbata, kuma kwanaki na mayar masa ya gyara bakin aljihu. Na same shi yana taka kekensa, tef ɗin awo rataye a wuya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na zube masa rigar a kan tebur na faɗa masa abin da ke raina.

Ya daina taka keken. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Malama, shekara arba'in ina yanka yadi. In ban son aiki, a fuska nake faɗa."

Ya jawo rigar ya juya ta, ya bi gefen da yatsa, sai na ga ya ɓata rai. Ya ɗauki reza ya ɗan tsaga yadin ciki daga ƙasan hammata.

"Matso."

Na matsa.

"Wannan layin na keke, nawa ne. Kin gan shi? To wannan fa? Da wannan? Da wannan?"

Layi uku ne na ɗinkin hannu, kowane ya shigo ciki da faɗin yatsa ɗaya. Haka ta ɗaya gefen ma. Sau uku aka ci rigar, kaɗan-kaɗan, yadda ba zan gane ba.

Na zauna kan bencinsa ba tare da ya ce in zauna ba.

Ya ce duk wanda ya yi wannan ba tela ba ne, ko kusa. Tela zare ɗaya yake ja tun daga sama har ƙasa. Wannan kuwa kowane ɗinki da ƙullinsa, a soka, a ƙulle, a yanke, a matsa gaba a sake. Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin irinsa, sai ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna min wani tsohon tabo a ƙwauri.

"Wannan ba ɗinkin tufa ba ne, Malama. Ɗinkin fata ne."

Ya ƙara da cewa hannu biyu ne suka taɓa rigar, don wanda ya mayar da yadin ciki ya rufe hannunsa daban ne, ɗinki ƙanana a jere kamar na mai koyo da ke tsoron a duba masa. Wannan maganar ta shiga ta kunne ɗaya ta fita ta ɗaya, don tuni zuciyata ta tafi wani wuri. Ya ce in bari ya farke min yanzu, minti goma ne. Na ce a'a. Wanda ya ɗinka shi zai farke.

Na ba shi haƙuri a bakin ƙofa. Ya ce ba komai, amma bai ɗago ba.

Ɗinkin fata. Yayata ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata. Tana da makullin gidana. Kuma duk duniya babu wanda ya tsani rigar nan kamarta.

Na same ta ta dawo daga aiki, ta tsoma ƙafafu a roba da ruwan ɗumi. Tana ganin fuskata ta ce wa ya mutu. Na shimfiɗa rigar a kan cinyarta, a juye.

"Yaya, me na yi miki?"

"Ke dai kin san abin da kika yi min. Kin mai da mu abin nuni. Inna ta yi shara ne don kada mu sa tsumma, ke kuma kin ɗauko tsumman kin rataya a wuya."

"Shi ya sa kika shiga ɗakina kina cin rigar a ɓoye?"

"Ina yin me?"

Na nuna mata. Na faɗa mata abin da Baba Tela ya ce. Na faɗa mata mako biyu ina kwana da yunwa. Nan ta fashe da dariya har ruwan robar yana fallatsa, ta ce ashe shi ya sa wuyana ya fito, ita ta zaci aikin ofis ne. Ni kuwa raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Ta ce in miƙo mata tabarau daga kan talabijin. Ta sa, ta kai rigar kusa da fuska.

Sai dariyar ta tsaya.

Ta daɗe tana kallo. Ta ja wutsiyar zare ɗaya da farce. Ta auna tsakanin ɗinki da ɗinki da yatsu biyu.

"Ƙanwata, ni in zan ƙona rigar nan, a gabanki zan kunna ashana. Kin san hali."

Na sani. Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

"Ƙullin irin namu ne. Amma dubi kaurin zaren. Dubi tazarar. Mu a kan mutum muke aiki, tabo muke tsoro, in na yi wa wani wannan sai an kira ni ofis. Mai wannan hannun bai damu da tabo ba."

"To waye?"

"Dubi wutsiyar da ya bari. Kusan rabin yatsa. Kin san wa ke barin ta da tsawo haka? Wanda zai dawo ya laluba ta a cikin gashi ranar cirewa."

Ta cire tabarau ta ninke.

"Mutum nawa kika sani da ke ɗinke masu gashi?"

Ɗaya na sani. Shekara goma sha shida muna kwana ɗaki ɗaya.

Maigidana likitan dabbobi ne. Likita nake ce masa, in na so tsokana in ce likitan awaki. Kuma ku da kuke bin labarin nan kun sani, shi kaɗai ne ya yabi rigar. Ranar da na fara sa ta shi ya gyara min kwala. Shi ya ce in rabu da mutane, bakinsu ne. Da na fara kukan ta matse ni, shi ne ya dafa kafaɗata ya ce ƙibar ta karɓe ni, in ajiye rigar kawai a matsayin abin tunawa. Yana zaune yana cin abincinsa ina shan ruwan zafi a gabansa, bai ko ƙware ba.

Yaya ta ce in bi a hankali. Ban san da wane baki na yi mata sallama ba.

Da na isa gida na tarar yana da baƙi a falo, abokan aikinsa biyu. Na gaishe su har da murmushi, Allah ya gani. Na wuce ciki. Jakar aikinsa tana bayan ƙofa inda take kullum. Ban taɓa buɗe ta ba, don warin maganin da ke fita daga ciki ma ya ishe ni. Ranar na buɗe. Ga zaren nan a naɗe, baƙi mai kauri. Ga allurarsa mai lanƙwasa a cikin ƙaramin gwangwani. A jikin bakin almakashinsa kuma ga wani ɗan silin yadi kore maƙale.

Na san koren. Zanin da Inna take ɗaurawa ranar Laraba ne.

Na mayar da komai, ban da almakashin.

'Yarmu tana ɗakinta tana guga kayan makaranta. Shekararta goma sha huɗu, a makarantarmu take, Takwara muke ce mata don sunan Inna ta ci. Na leƙa na tambaye ta ko ta taɓa ganin wani ya buɗe sif ɗina. Ta ce a'a, idonta a kan dutsen guga. Na ce to gobe tare za mu shiga, ba irin na kwanakin nan da take sauka daga motar ma'aikatan makaranta ta yi gaba wai za ta tari ƙawarta ba. Ta ce to.

Ban tayar wa Likita da maganar ranar ba. Na zuba masa abinci, na zuba wa kaina har da ƙari. Ya kalli farantina, ya kalle ni, ya ce madalla. Na ce ai kuwa.

Washegari Litinin da safe, ƙarfe shida da rabi, yana zaune yana shan shayi. Motar ma'aikata bakwai take zuwa. Na ture kofin gefe, na shimfiɗa rigar a juye a kan tebur, na ɗora almakashinsa a kai.

"Likita, majinyacinka ya warke. Zo ka cire masa zare."

Ya kalli rigar. Ya kalli almakashin. Na zaci zai rantse, na ma shirya abin da zan ce in ya rantse. Bai yi ba. Ya goge hannu a jikin wando, ya jawo kujera kusa, ya ɗaga wutsiyar farko ya datse.

Da ma ya yi musu, da ya fi min sauƙi.

"Sau uku," na ce.

"Sau uku."

"Kana kallona ina kwana da yunwa."

"Wannan ban yi zaton zai kai can ba. Na ɗauka a karon farko za ki haƙura."

"Me ya sa?"

Ya ce mutane suna magana. Ya ce matsayina ya ƙaru, ya kamata shigata ta bi. Yana faɗa yana datsewa, yana tara guntayen zaren a gefen faranti a jere, yadda ya saba a wurin aiki.

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Mutumin da ke zuwa ɗaukata da takalmin roba har gwiwa, yana warin garke, ya tsaya yana gaisawa da shugabarmu ko a jikinsa. Yau shi ne maganar mutane ta dama? Ku ma kun san da sake.

"Wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni."

"Shugaba ce ta kira ka?"

"A'a."

"Hajiyarka?"

"Kada ki sa ta a ciki. Ni kaɗai ne."

Ya faɗi "ni kaɗai" da sauri fiye da kima. A nan maganar Baba Tela ta dawo min, wadda na bari ta wuce jiya. Na jawo gefen da bai kai gare shi ba, na duba inda aka mayar da yadin ciki. Ɗinki ƙanana, a jere, tazararsu ɗaya. Na sha ganin irinsa a kan ƙyallayen da 'yan aji uku ke kai wa malamar koyon ɗinki ta sa musu maki.

Na ɗago na dube shi.

"Likita, wa ya rufe maka yadin ciki?"

Almakashin ya tsaya a hannunsa.

"Ni ce."

Takwara ce a bakin ƙofar falo, cikin kayan makaranta, jaka a kafaɗa. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Ya ce ta koma ciki. Ta ƙi. Ta ce ita ta roƙe shi, da kuka, ba sau ɗaya ba. Shi ya ce ba zai iya ce min in daina sa rigar ba, don ya san abin da take a wurina. Ita ce ta kawo dabarar a rage ta.

"Me rigar ta yi miki?" na ce.

"Duk Litinin sai na tarar da tsintsiya a kan tebur ɗina."

Ta ci gaba.

"Mako bakwai ke nan. Jikar mai shara suke ce min. In takarda ta faɗi a aji sai su ce a bar wa mai gado. Ranar da kika tsaya a asambuli kika ba da tarihin rigar, Mama, kowa ya tafa miki. Ni kuma daga ranar ne."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba? Ni da nake—"

"Ki yi me? Ki hukunta su, su ce na kai ƙara wurin uwata? Ke kina ofis. Ni nake zama da su."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi ma da na san inda zan kama. Ta tsaya ne ƙyam, ta dafe igiyar jakarta da hannu biyu.

"In kika hau dandamalin nan da ita yau, gaban kowa, ni na gama shiga makarantar nan."

Likita ya datse ƙulli na ƙarshe. Ya ajiye almakashin a hankali. Rigar ta saki jiki a kan tebur, ta koma faɗinta.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko Yaya. Ko ku, duk da shafi goma sha uku da na cika muku. Na ja kujera na zauna don in daidaita da idonta.

"Ina aji uku, kamar ke. Muna tafe a baranda da wata yarinya, Inna tana shara a gabanmu. Yarinyar ta ce, wai an ce matar nan babarki ce? Na ce Allah ya kiyaye, ban ma san ta ba."

Takwara ta ɗago.

"Tsakanina da Inna bai fi daga nan zuwa ƙofar can ba. Ta ji. Ta matsar da bokitinta don mu wuce. Da yamma ta zuba min abinci kamar kullum. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri ba. Koren zanin nan ne a jikinta ranar."

Na ɗora hannu a kan koren.

"Na san abin da kike ji, Takwara. Babu wanda ya kai ni sani. Zancen tsintsiya kuma ba zai kwana ba, ko kin so ko kin ƙi. Amma na taɓa cewa ban san ta ba sau ɗaya. Ba zan ƙara ba, ko don ke."

Likita ya kira ni a hankali, ya ce in duba yarinyar nan, yau ɗaya ce, akwai wasu Litinin ɗin. Ban kalle shi ba. Nasa lissafin daban ne, yana nan zuwa.

Na juya rigar. Na zura hannun dama, na zura na hagu. Ta zauna min a kafaɗa kamar ranar farko, har da sarari.

Maɓalli na ɗaya. Na biyu.

A waje motar ma'aikata ta danna hon.

Na uku, wanda ya yi mako biyu yana ƙi na, ya shige ba gardama.

"Mama," in ji ta.

Na sa na ƙarshe. Na ɗauki jakata, na buɗe ƙofa, na miƙa mata hannu.

"Taho mu tafi."

Motar ta sake danna hon, mai tsawo.

Takwara ta kalli hannuna. Ta kalli rigar tun daga kwala har ƙasa. Sai ta zare jakar daga kafaɗarta ta ajiye a ƙasa.